Komawa garin dutse da iyali: Abzin ko Adar?

Ƙanena malamin makaranta ne a nan Tawa. Bara ya raka wani ɗan kasuwar albasa zuwa Tabelot, ya dawo da buhun tafarnuwa da magana guda a baki: ya gaji da zafin bazara, zai kwashi iyali ya koma cikin duwatsu. Tambayoyin nan nasa ne da na maiɗakinsa, sun yi mini su a zama biyu ko uku bayan isha'i.

Yaya, in an ce garin dutse a Nijar, ina da ina ake nufi?

Wuri biyu ne. Na farko Abzin, arewa da Agadas, inda Timiya da Iferwan da Tabelot suke. Can ne dutsen Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2022, kuma duk ƙasar nan babu inda ya fi ta tsayi. Na biyu kuwa a ƙofar gidanmu yake: Adar Dutsi, wato wajejen Kaita, Tamaske, Buza da kwarin Majiya. Tsaunukan Adar masu shimfiɗaɗɗen kai ne, ba su kai rabin Bagzan ba. Wuraren biyu ma ƴan'uwa ne a tarihi, don sarautar Adar ta Illela daga Agabba ta samo asali, ɗan sarkin Agadas da ya ci yankin a ƙarni na 17.

To da gaske akwai sanyin da ake faɗi?

A saman Bagzan akwai shi, har ya yi yawa. Cikin Disamba da Janairu wani daren ruwa kan daskare a ƙwarya. Sai dai garuruwan ba a kan ƙololuwa suke ba, a cikin kwari suke, kuma da rana tsaka a watan Mayu dutsen da ya sha rana shi ma kasko ne. Abin da za ka samu shi ne dare mai daɗin barci. Abin da za ka biya kuma: barguna, itacen jin ɗumi a ƙasar da itace ke da wuya, da tari da ke kama yara duk lokacin ɗari. Adar kam kada ka yaudari kanka, zafinta da na Tawa ɗan Juma ne da ɗan Jummai.

Me ya kamata in fara dubawa?

Ruwa. Ka manta da kyan dutse tukuna, ka tambayi rijiya. Ruwan saman da Abzin ke samu bai kai rabin namu ba, kuma a cikin ƴan makonni yake sauka. Yana faɗowa kan dutse ya gangaro ƙorama, rairayin ƙoramar ya shanye shi, shi ne mutane ke ɗiba duk shekara. Saboda haka garka da gida da dabino duk a bakin ƙorama suke jere. Shekarar da ƙorama ta kawo ruwa sau da yawa rijiyoyi na cika. Shekarar da ta yi rowa, sai ka ga ana ƙara wa rijiya zurfi ana barin rabin garka ba shuka. Da can raƙumi ko sa ke jan guga, yanzu injin ban ruwa ya yawaita, kuma inji ba ya gajiya, don haka ruwan ƙasa na saurin ja baya.

Ƙoramar nan da ke ciyarwa ita ce kuma ke ci. A farkon Satumban 2009 ruwan ƙoramar Telwa ya shiga Agadas ya rushe gidaje masu yawan gaske. Kafin ka kafa tubali, ka sa dattijon unguwa ya nuna maka inda ruwa ya taɓa kaiwa, ka hau sama da nan.

A Adar ma haka abin yake: kwari da fadama ruwa kusa, saman fako kuwa igiya sai ta ƙare ba a taɓo shi ba. Kuma ka je dubawa a watan Mayu. Wanda ya je a Oktoba kore zai gani ko'ina, ya dawo yana yabon abin da ba zai tarar ba.

Ni dai Yaya tambayata ɗaya ce: in naƙuda ta zo da gardama cikin dare fa?

Wannan ta maiɗakinsa ce, kuma ta fi duk nasa nauyi. Kusan kowace babbar karkara tana da gidan likita da ake awon ciki da rigakafi, kuma tun 2006 doka ta ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar da fiɗar haihuwa kyauta ne. Amma kyauta ba ta rage nisan hanya. Inda ake fiɗa da ƙarin jini shi ne abin tambaya: awa nawa, a wace mota, kuma hanyar na biyuwa cikin Agusta? Daga Timiya zuwa Agadas ya haura kilomita 200 na duwatsu da rairayi, tafiyar da kan cinye yini. In ƙorama ta ciko, direba kashe mota yake ya jira ta janye, ko wa ya ɗauko. Ƙauyukan saman Bagzan kuwa an fi sanin su da hawan jaki da ƙafa. Kaita zuwa Tawa kimanin kilomita 70 ne. Ki auna da kanki.

Da me mutum zai ci abinci a can?

Mai albashi ya huta da rabin wannan tambaya, sai dai ya sani hatsi ba ya yi da ruwan sama a Abzin. Daga kudu ake kai shi, da kuɗin mota a kansa. Arzikin wurin garka ce: lemu da rumman da dabino a Timiya, albasa da tafarnuwa da dankalin turawa a Tabelot da Bagzan. Albasarsu na fitowa kasuwa ƙarshen shekara, lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci, shi ya sa take kuɗi. Amma filin bakin ƙorama kaɗan ne, kuma na gado ne. Baƙo ya fi samun aro ko haya a kan saye. In ma an sayar maka, kada ka tsaya ga shaidar baki. Ka bi ta kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, a ba ka takarda da sa hannun maigari.

A Adar ana noman damina, ana na rani a fadama. Ƙasar da ka gani da itatuwa a Kaita ba haka take ba a da. Aikin farfaɗo da ita ya fara a 1984 da tallafin Italiya, aka yi ta jera duwatsu a gangare ana tare ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa, kuma mafi yawan masu ɗaukar dutsen mata ne, don maza sun tafi cin rani. Wannan cin ranin har gobe yana nan, kuma shi ne shaidar cewa gona kaɗai ba ta riƙe gida shekara guda.

Karatun yara fa, da harshe?

Firamare ba wuya. Matsalar daga sakandare take farawa, lokacin da yaro zai koma wani gari ya zauna hannun mai masauki, kuma a nan ne ƴaƴa mata da yawa ke tsayawa. Harshe ba zai hana ka ciniki ba: mazan Abzin sun daɗe suna bin ayari zuwa Bilma ɗaukar gishiri, su gangara Damargu da Damagaram har Kano, Hausa a bakinsu take. Cikin gida da wajen wasa kuwa Tamashek ake yi. Yaranka za su iya shi cikin shekara guda, uwarsu ce za ta daɗe tana zaman kurma a gidan suna.

Lafiyar hanya?

Yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 ta rufe tawayen Abzinawa na farko, amma na 2007 a Iferwan ya fara, har garin ya kusa zama kango kafin mutane su komo. Tun 2014 kuma zinariyar Jado da Cibarakaten ta ƙara yawan motoci da baƙin fuska da ƴan fashi a hanyoyin arewa. Labarin bara ba ya amfani a nan. Ka tambayi direbobin da suka sauko wannan makon.

Da kai ne, wanne za ka ɗauka?

Da yara ƙanana uku da mace mai ciki, Kaita ko Buza, kusa da kwari, inda in an buga waya dangi za su iso kafin azahar. In kuma Abzin ce ta shiga ranka, nemi canjin wurin aiki ka tafi kai kaɗai, ka kama hayar ɗaki, ka ga ɗari ɗaya da bazara ɗaya da damina ɗaya. Gidanka na Tawa kuma kada ka sayar.

Ya ce zai yi shawara. Ita kuwa tuni ta tambaye ni ranar kasuwar Kaita.