Ciwon ciki ya koma dama? Ku ajiye tiramol, ku taho asibiti

Jama'a, abin nan ya ishe ni. Ba ya wuce 'yan kwanaki sai an shigo mana sashen gaggawa da saurayi ko budurwa a duƙe, ciki ya sanƙare, jiki rau da zazzaɓi, leɓe a bushe. Ka tambayi mai rakiya, "Baba, yaushe ya fara?" Sai ya ce, "Ai tun shekaranjiya ne, likita, amma mun kai shi kemis an yi masa fenta, har ya samu barci." Fenta allurar kashe raɗaɗi ce mai ƙarfi. To barcin nan shi ya cuce shi.

Ciwon afendis nake nufi, wato kumburin wani ɗan hanji da ke ƙasan ciki ta dama, kuma ba ya ɓoye kansa sosai. Ciwo ya fara a cibiya, bayan wasu sa'o'i ya gangara ƙasan ciki ta hannun dama ya zauna. Abinci ya fita daga rai, tashin zuciya ko amai su biyo baya, tari ko ramin hanya a kan babur ya sa mutum ya dafe wurin. Ɗan hanjin nan ne ya toshe ya kumbura, kuma yawanci fiɗa ce maganinsa. Idan aka haura kwana ɗaya zuwa biyu, haɗarin fashewarsa sai ƙaruwa yake yi. Ya fashe, mugunya ta bazu a ciki, aikin da za a yi a sallami mutum cikin kwana biyu ko uku ya koma dogon yanka, roba a hanci, robar tsane ruwa a ciki, da kuɗin da sai an sayar da akuya.

Tiramol da fenta ba sa taɓa kumburin ko kaɗan. Bakin ciwon kawai suke rufewa, gida ya yi tsit, kowa ya ce alhamdu lillahi an samu sauƙi, alhali ciki yana can yana ruɓewa. Haba! Wa ya duba cikin nan kafin a soka allurar? Yaron kemis da ko matsa cikin bai yi ba? Wasu ma tiramol ɗin bayan fage ake ba su, mai miligiram 225, wanda hukumar kula da magunguna ta NAFDAC ba ta amince da shi ba.

Kada ku fahimce ni baibai. Ba cewa nake a bar mutum yana murƙususu ba, Allah ya kiyaye. A da can haka aka koyar da likitoci: tun 1921 wani likitan fiɗa na Ingila, Zachary Cope, ya yi gargaɗi kada a ba mai ciwon ciki mofin, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, sai an gano cutar, don kada alamun su ɓace. An yi shekaru ana bin wannan. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa mofin da 'yan'uwansa, idan a asibiti aka ba da su, ba sa hana likita gane afendis. Shi ya sa yanzu muke rage wa mara lafiya raɗaɗi tun kafin a shiga tiyata. Bambancin shi ne a nan an auna maganin daidai da nauyinsa, ana lura da numfashinsa da hawan jininsa, an ɗebi jini, an yi hoton ciki, likitan fiɗa yana hanya. A gida fa? Bargo kawai aka ja masa.

Iyayena mata masu cewa kar a yi wa yaro allurar don kada ya zama ɗan ƙwaya, ku kwantar da hankali. Abin da ake ba shi a gadon asibiti na ɗan lokaci ne, ƙarƙashin kulawa. Wanda ake saya a lungu ba takarda, shi ya kamata ku ji tsoro.

Don Allah ku riƙe waɗannan:

Ciwon da ya tashi daga cibiya ya koma dama, asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.
Ban da tiramol, ban da fenta, ban da haɗin kemis.
Kar a ba shi jiƙo ko maganin wankin ciki, kar a gasa wurin da ruwan zafi.
A dakatar da abinci da abin sha har likita ya gan shi.
Ciwo ya lafa farat ɗaya bayan ya yi tsanani? Mai yiwuwa fashewa ya yi, ku ƙara sauri.

In kuma kun riga kun ba shi wani abu, ku faɗa mana gaskiya: mene ne, guda nawa, ƙarfe nawa. Zan yi faɗa, amma zan karɓe shi. Ku zo da kwalin maganin ko fankonsa a hannu.