Waiwaye: sanƙarau da iskar hunturu a Damagaram

Tun kafin likitoci su zana taswira, tsofaffin Damagaram sun san lokacin sanƙarau. Da zarar hunturu ya kankama, hazo ya rufe duwatsun Birni, leɓe ya tsage, hanci ya bushe har yana haɓo, sai uwa ta fara sa ido kan duk yaron da ya ce kansa na ciwo. Takan sa shi ya sunkuyar da kai. In wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ga jiki zafi rau, hankalin gida ya tashi.

A 1963 ne likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya bayyana zirin ƙasashen da annobar ke yawan aukawa, zirin da a yau ake lissafa shi daga Senegal har Habasha, Nijar kuwa tana tsakiyarsa. Dalilin ba boyayye ba ne. Busasshiyar iska mai ƙura tana gurje fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar da ke zaune a nan ta samu ƙofar shiga jini. Ga kuma sanyin dare da ke cusa mutum takwas ɗaki guda, an toshe taga da tsumma, wani na tari. Haka abin ke tafiya har bazara, sai ruwan farko ya sauka ya kwantar da ƙura, cutar ta lafa.

Annobar 1996 ce ta fi girgiza Afirka: sama da mutum 250,000 suka kamu, kimanin 25,000 suka rasu. Waɗanda suka tsira ma wasu sun kurumce. Daga nan aka dukufa neman riga-kafi mai arha, har aka samo MenAfriVac, wadda Nijar da Mali da Burkina Faso suka fara yi wa jama'a a 2010. Allura ce da ke jure zafin digiri 40 na kwana huɗu ba firji, abin da duk wanda ya taɓa bin hanyar ƙauye a watan Afirilu zai san darajarsa. Nau'in A na ƙwayar cutar, wanda aka yi allurar dominsa, ya kusan ɓacewa.

Sai dai hunturun bai je ko'ina ba. Nau'in C ya maye gurbi, ya yi ɓarna a Yamai a 2015. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, gundumar Dungass da ke kan iyakar Najeriya ce ta fi shan wuya. A ganina kusanci da iyaka yana da hannu, don masu cin kasuwa tsakanin nan da Jigawa ba sa tsayawa.

Damina kuwa da nata kayan take zuwa, wato zazzaɓin cizon sauro da gudawa. Ruwan Satumban 2024 da ya rushe tsohon masallacin Birni ya bar kududdufai a unguwanni, sauro ya yi ta ƙyanƙyasa har bayan girbi.