Waiwaye: Yadda Kwatar Baga Ta Riƙa Bin Ruwan Tafkin Chadi

Bandar kifin da ’yan kasuwar Kaduna suke kira ta Baga tana fitowa ne daga wani lungu na yammacin Tafkin Chadi, a ƙaramar hukumar Kukawa ta jihar Borno, inda bakin ruwa bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Tafkin ba shi da zurfi, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwansa kogin Shari da na Logon ne suke kawo shi daga kudu. Ragowar ta haɗa da Komadugu Yobe, wanda kogunan Haɗeja da Jama’are suke ciyarwa. Ko da yake babu kogin da yake fita daga cikinsa, ruwan bai zama na gishiri ba, domin wani ɓangarensa yana tsiyayewa ta ƙarƙashin ƙasa tare da gishirin.

Tun kafin zuwan Turawa, Buduma mazauna tsibirai ne suke riƙe da sufurin wannan ruwa, da jiragensu na ciyawa da ake ɗaurewa dami-dami, suna ɗauko kanwa daga gaɓar Kanem zuwa ta Borno, daga nan fatake su kai ta kasuwannin ƙasar Hausa. Baturen Ingila mai yawon bincike Denham ya iso tafkin a 1823, sannan a 1851 Bajamushe Overweg ya zagaya tsibiransa da jirgin da aka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma daga Tarabulus, wahalar da Buduma ba su taɓa bukata ba.

A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba’in kilomita 25,000, kuma shigowar komar leda ta jawo masunta Hausawa da dama suka tare a can. Farin 1973 ya raba ruwan gida biyu, na 1984 ya ƙara janye shi, har Baga ta koma tudu, kwale-kwale suka riƙa bin hanyar ruwa da aka haƙa kafin su kai ga tafkin. Masunta sun bi ruwa zuwa garin Darak, wadda Kotun Duniya ta tabbatar wa Kamaru a 2002. Harin da Boko Haram ta kai Baga a watan Janairun 2015 ya dakatar da kamun kifi da safararsa na tsawon shekaru, kuma masu sayen banda a Kaduna sun ji hakan a farashi.