Gigin tsufa ba jiya ya fara ba

Tun da aka fara cece-kuce a Facebook kan tsofaffin da ake tsinta a titi sun rasa hanyar gida, wannan ya ce aljanu, wancan ya ce maita, wasu ma wai cutar Turawa ce, sai ka rantse jiya abin ya sauko. Alhali tun 1861 likitan Faransa Broca ya gano wajen da ke riƙe da furta magana a hagun ƙwaƙwalwa, a 1906 kuma likita Alzheimer ya bayyana cutar da ke ɗauke da sunansa a Jamus, wato nau'in gigin tsufa da aka fi sani.

Wanda ba a cika tunawa ba shi ne binciken Ibadan. Daga 1992 su Adesola Ogunniyi da Hugh Hendrie suka riƙa bibiyar 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan, da baƙaƙen fata na Indianapolis a Amurka, gwaji iri ɗaya, kowa da yarensa. Sakamakon 2001 ya nuna cikin mutum 100 duk shekara sama da 3 ke kamuwa da gigin tsufa a Indianapolis, a Ibadan kuwa bai kai rabin haka ba. Wato cutar tana gida tuntuni, sai dai da sauƙi, kuma cikin abin da masu binciken suka fi zargi akwai hawan jini da suga da kitsen jini, masu lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini. To yau leƙa Tudun Wada ko Rigasa a Kaduna ka ƙirga dattawa nawa ne ba sa shan maganin hawan jini sai ran da kai ya sara.

Ga raunin ji kuma, wanda kwamitin mujallar likitoci ta Lancet ya saka cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa da cutar. Kaka ba ta ji sosai, jikoki kowa na kan waya, a hankali aka daina hira da ita.

Hajiya ta kira jikanta sai ta bi sunayen 'ya'yanta kaf kafin ta kai kansa, wannan fa tsufa ne kawai, kalmomin suna nan, lalubo su ne ya rage sauri. Amma ta riƙe buta ta rasa me ake yi da ita, ko ta maimaita tambaya ɗaya kafin shayi ya huce, wannan na likita ne. Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa yana nan, galibi dai sai an gama zagaye masu ruƙiyya ake kai su.