Ciwon tsoka da tsamin jiki

Ciwon tsoka, wanda mutanen Kano suka fi kira ciwon jiki, raɗaɗi ne da ke tasowa daga naman jiki, ba daga ƙashi ko gaɓa ba. Masu bincike sun raba shi gida biyu: wanda mutum ke ji ko yana zaune, da wanda ba ya tashi sai an danna wurin ko an motsa shi. Na biyun ne Bahaushe ke cewa wurin ya yi tsami.

Tsamin da ke biyo bayan aikin ƙarfi shi aka fi nazari. Theodore Hough, masani ɗan Amurka, ya bayyana shi a 1902, ya danganta shi da 'yar yagewa a cikin tsoka. Ba nan take yake zuwa ba. Ɗan dakon da ya yi hutun sati biyu, ya koma sauke buhuna a Dawanau, zai kwana garau, sai washegari ko jibi tsugunno ya gagare shi. Yakan tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, ya lafa cikin mako guda. Motsin da ya fi jawo shi shi ne wanda tsoka ke miƙewa alhali tana riƙe da nauyi. Shi ya sa saukowa daga Dutsen Dala ta fi barin tsami a cinya, ko da yake hawan ne ke sa haki. Wanda ya maimaita aikin bayan 'yan kwanaki ba zai sha irin wuyar farko ba, domin tsoka tana sabawa.

An daɗe ana ɗora laifin a kan sinadarin laktik asid, wanda tsoka ke fitarwa lokacin aikin ƙarfi, amma wannan yakan washe daga jini cikin kamar awa ɗaya, tun kafin tsamin ya fara.

A 1938, a Landan, wani likita mai suna Jonas Kellgren ya riƙa tsira ruwan gishiri mai kauri cikin tsokar mutane, har da tasa, ya nuna cewa tsoka tana iya ciwo a nan, a ji zafin a can. Wannan aiki ya cancanci yabo, don shi ya koya wa likitoci kada su tsaya inda majinyaci ya nuna da yatsa. Yau ana auna tsami da algomita, na'urar da ake dannawa a jiki har mutum ya ce ya ji zafi.

Akwai kuma ciwon da ke game jiki wata da watanni, tare da gajiya da rashin barci, wato fibromayaljiya. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta ware wurare 18 a jiki, ta ce in 11 sun yi zafi da aka danna da nauyin kusan kilo 4, cutar ce. A 2010 aka ajiye wannan ƙidaya. Cutar ta fi kama mata, kuma abin takaici ne yadda ake ce musu raki ne, tunda gwajin jini ba ya nuna komai.

A Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala suna da sashen gashi da motsa jiki, Jami'ar Bayero kuma tana horar da masu wannan aiki. Sai dai mutane da yawa kemis suke fara zuwa, ko a shafa man zafi, ko wanzami ya yi ƙaho. Tausa tana ɗan rage tsami. Yawan shan magungunan rage zafi irin su Diclofenac da Ibuprofen kuwa yana jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda. Ciwon jiki mai haɗe da zazzaɓi sau da yawa maleriya ce ko taifot. Idan kuma tsoka ɗaya ta kumbura, ta yi tauri da zafi, ƙila mugunya ce ta taru a ciki, cutar da aka sani a ƙasashe masu zafi, wadda sau da yawa sai an tsaga an fitar.