Waiwaye: Wa ke ɗaukar nauyin fastocin Sudan?

Mu Hausawan Sudan, daga Mai Wurno har Gadarif, mun san da me limamin unguwa yake rayuwa: gonarsa, da ɗan abin da ake miƙa masa ranar suna ko ɗaurin aure, da hatsin zakka in kaka ta yi. Na maƙwabtanmu Kirista kuwa, kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambaya.

Da fari daga waje kuɗin ke zuwa. Daniele Comboni, bishop ɗan Italiya wanda ya rasu a Khartoum a 1881, da gudummawar Turai ya riƙe mishan ɗin Katolika. Haka ma 'yan CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglika na Ingila, da suka iso Omdurman a 1899, da ƙungiyoyin mishan na SUM da SIM, iyayen cocin COCIN da ECWA na Najeriya, waɗanda su ma suka yi aiki a ƙasar nan. Mai wa'azi ɗan ƙasa a hannun Bature yake karɓar albashi.

Gwamnatin Janar Abbud ce ta katse wannan. Ta yi dokar takura wa mishan a 1962, sannan a 1964 ta kori Turawan mishan daga kudancin Sudan. Nauyi ya dawo kan masu ibada, wato baikon ranar Lahadi da zakka, kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu. A ƙauye sau da yawa dawa ce ko akuya.

Yaƙin basasa na 1983 zuwa 2005 ya koro 'yan kudu zuwa gefen Khartoum, majami'u suka cika da talakawa masu bayarwa daidai ƙarfinsu. Da kudu ta ɓalle a 2011, da yawansu suka koma gida, baiko ya bi su. Fam, kuɗin Sudan, kuma ya yi ta faɗuwa. A ganina nan ne matsalar take: asusun da ya dogara ga jama'a ba ya tsayawa in ana ta tarwatsa jama'ar.

Cocin Anglika na Sudan ya zama lardi mai cin gashin kansa a 2017, ƙarƙashin Akbishop Ezekiel Kondo. Shekara shida ba ta cika ba yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, shi kansa ya bar Khartoum ya koma Port Sudan. Fastocin da suka yi gudun hijira da mabiyansu, ga iyali ga masu zuwa neman taimako, layin agaji ɗaya suke bi da limamanmu da suka baro Jazira.