Waiwaye: yadda aka gano tauraruwa mai wutsiya ta Halley dawowa take yi

Mu dai mun taso muna jin ana cewa tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba, kuma ba mu kaɗai ba ne, Turawa ma sun daɗe da wannan tsoron. A 1066 da wannan da ake kira ta Halley ta fito a Ingila cewa aka yi masifa na tafe, ai kuwa a shekarar aka kashe sarki Harold a yaƙin Hastings. 'Yan China kam tun shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suka rubuta ganinta, sai dai kowa ɗauka yake duk wadda ta fito sabuwa ce.

Edmond Halley, masanin taurari ɗan Ingila da aka sa mata sunansa, ba shi ya fara ganinta ba fa, aikin da ya yi na zama da tsofaffin takardu ne, ya ɗauki lissafin abokinsa Newton ya bi hanyar taurari masu wutsiya 24 ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga ta 1531 da ta 1607 da ta 1682 wadda shi ma ya gani da idonsa duk turba ɗaya suka bi, tsakaninsu kuma wajen shekara 76. A 1705 ya fito ya ce ai guda ce, ku jira ta wajen 1758. Bai kai ba, ya mutu a 1742. Wani manomi ɗan Jamus mai suna Palitzsch ne ya fara hango ta ranar Kirsimeti ta 1758. Ni a ganina nan ne labarin ya fi daɗi, mutum ya yanka wa tauraruwa rana kuma ta cika alkawari.

Kewayenta dogo ne kamar ƙwai, tana shigowa ta fi Zara matar wata kusa da rana, sannan ta lula har ta wuce Neptune, duniyar da ta fi nisa da rana, kuma baya-baya take tafiya, saɓanin yadda duniyarmu ke zagaye. Jupiter, babbar cikin duniyoyin da ke zagaye rana, kan fizge ta shi ya sa wa'adin ke ɗan canzawa. Ita kanta ƙanƙara ce da ƙura, zafin rana ke fitar da wutsiyar.

Duk da haka a 1910 sai da hankali ya sake tashi, jaridu suka baza cewa akwai iskar guba a wutsiyar kuma duniya za ta ratsa ta ciki, 'yan damfara suka samu kasuwa har ƙwayar maganin tauraruwa suka dinga sayarwa. Aka ratsa, ba abin da ya samu kowa.

Zuwan 1986 bai yi armashi ga masu kallo da ido ba, amma kumbon Giotto na Turai ya matsa kusa da ita kamar kilomita 600 ya ɗauko hoto, ashe curin baƙi ne wuluk, tsawonsa wajen kilomita 15. A Disambar 2023 ta kai ƙarshen nisanta ta juyo, a 2061 ake sa ran isowarta.